Daga zabirar wanzami zuwa gidan reza: tarihin askin ruwa da yadda ake fara shi

A watan Afrilun bara, lokacin da zafin Maraɗi ke sa mutum ya rasa inda zai sa kansa, aka turo wani matashin malami makarantarmu. Sati biyu yana shiga aji da ƙyalle naɗe a wuya. Ran nan da aka fito shan iska na ja shi gefe na ce, "Ƙanena, mura ce ko sabuwar kwalliya ta fito ban sani ba?" Ya yi ɗan murmushi, ya warware ƙyallen. Tun daga ƙarƙashin haɓa har maƙogwaro ƙuraje ne, wasu sun yi ruwa, wasu sun warke sun bar baƙin tabo. Ya ce, "Malam, duk lokacin da na yi aski haka nake komawa, kuma yara sun fara yi mini dariya." Na tambaye shi da me yake aski. Ya ce da irin na roba mai baki uku, a bushe, da safe yana sauri, kuma guda ɗaya yakan kai shi wata domin tsadarsa.

Na san ciwon nan domin na yi shi shekaru. Abin da ya raba ni da shi shi ne wani ɗan ƙunshi da na samu cikin adakar mahaifina bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa: gidan reza na ƙarfe mai gunduwa uku, buroshin da gashinsa ya soma zuba, da guntun alif. Na gwada su don tunawa da shi, sai na wayi gari wuyana ya lafa. Daga nan na shiga bin diddigin yadda muka bar askin ruwa da baki ɗaya muka koma wa abin da ke cin aljihunmu yana ɓata mana fata. Abin da na gaya wa abokin aikin nan a gindin bedi, shi na faɗaɗa a nan.

Wanzamin gida

Duk Bahaushen da ya kai shekara arba'in ya san askin ruwa tun kafin ya san sunansa, domin da shi aka tarbe shi duniya. Ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, wanzami yakan zo da sassafe ya jiƙa kan jariri ya aske gashin da ya zo da shi. Musulunci ya ƙarfafa wannan, har aka so a yi sadaka da azurfa daidai nauyin gashin. Wanzamin yakan tafi da kasonsa na naman suna da hatsi da ɗan abin da mata suka tara masa. Kowane gida yana da wanzaminsa, kuma abin gado ne ta ɓangare biyu: wanda ubansa ya aske ubanka, shi zai aske ka. A fadar sarakuna akwai Sarkin Aska, shugaban wanzaman ƙasa, wanda ke raba rigimarsu kuma ya kula da askin gidan sarauta.

Ina iya tuna wanzamin gidanmu kamar yau. Ranar Juma'a da hantsi yakan shimfiɗa ƴar tabarmarsa a zaure, ya buɗe zabira. Cikinta akwai asake iri-iri, ta aski daban, ta tsaga daban, ta kaciya daban, ga ƙaho, ga almakashi, ga dutsen wasawa, ga fatar da yake goga aska a kai. Ya sa a kawo ruwa a ƙoƙo. Ba ya taɓa ɗora aska sai ya jiƙa kan mutum ya murza da tafin hannu, ya sake jiƙawa ya sake murzawa, har gashin ya yi laushi. Sa'an nan ya goga askar a fata, ya gwada ta a gashin hannunsa, ya dafe kai da yatsu biyu ya soma. Muna yara mukan ƙosa da murzar nan, muna ganin ɓata lokaci ne. Sai da na girma na gane rabin askin ke nan. Gashin da ya sha ruwa yana kumbura ya yi taushi, aska ta yanke shi ba tare da ta ja shi ba.

Aikin wanzami ya wuce aski nesa. Shi ke yin kaciya, shi ke ƙaho, shi ke cire beli, shi ke tsaga ƙurji, shi ke ba da saiwa da sassaƙe. Shi ne kuma ke rubuta asalin mutum a fuskarsa. A wannan yanki namu, inda Katsinawa suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan jihadi ya fitar da su daga biranensu, tsagar fuska ita ce takardar shaida. Ka ga dogayen tsagen Bagobiri daga gefen baki sun nufi kunne, ba sai ka tambaye shi gida ba. A zamanin yaƙi da kamun bayi, wannan tsaga ta sa an gane mutane da yawa an fanso su.

Addini ma ya ba sana'ar gindin zama. Ya tabbata cewa wani mai suna Abu Ɗaiba ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho kuma an biya shi ladansa. Rage gashin baki, aske gashin mara, cire na hamata, yanke akaifa da kaciya suna cikin abubuwan fiɗira, kuma hadisin Anas ya iyakance kada a bar na tsafta su wuce kwana 40. Alhaji ma da aski ko saisaye yake fita daga harami. Maganar aske gemu kuwa ta malamai ce, kuma kowa ya san matsayin da suka ɗauka a kai. Sai dai ko mai gemu har ƙirji yana bukatar aska don kansa da wuyansa da gyaran fuska da tsaftar jikinsa, saboda haka zancen nan ya shafi kowa.

Ba mu kaɗai ba ne

Abin da ya ba ni mamaki da na shiga karatu shi ne yadda tarihin wasu ƙasashe ya bi sawun namu. A Masar ta Fir'aunoni an tono asake na jan ƙarfe da na tagulla cikin kaburbura, kuma Hirodotus, marubucin tarihin Girka, ya ba da labarin cewa masu hidimar gumakansu sukan aske jikinsu duka a kai a kai don tsafta. Marubutan Rum sun ce wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa aka kawo masu aski birninsu daga tsibirin Sisiliya, kuma shagon mai aski ya zama majalisar da ake jin labarin gari, kamar dai tabarmar wanzami a kasuwa.

A Turai ma, ƙarnuka da dama, mai aski shi ne mai fiɗa. Shi ke cire haƙori, shi ke fitar da jini, shi ke ɗinke rauni. A 1540, zamanin Sarki Henri na Takwas, aka haɗa masu aski da masu fiɗa na birnin Landan cikin ƙungiya guda, kuma ba su rabu ba sai 1745. Ambroise Paré na Faransa, wanda ake lissafawa cikin iyayen aikin tiyata, da askin gemu ya fara. Bambancinmu da su shi ne, wanzamansu sun samu makaranta da littafi, wani reshe nasu ya zama likitoci. Namu kuwa asibiti ya zo daga waje ya tarar da su, ya karɓe aikin, ya bar su da zabira.

Askar da ta ƙetaro hamada

Askar wanzami ta asali maƙerin gida ke ƙera ta. Narka tama tsohon abu ne a ƙasarmu, domin a dutsen Tarmit da ke gabashin Nijar an samu alamun aikin ƙarfe na ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa. Amma tun kafin Bature ya ci ƙasar, askar Turai ta riga shi isowa a bayan raƙumi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa Agadas a 1850, ya biyo ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851, ya lissafa kayan Turai da ya gani a kasuwa: yadi daga Mancesta, duwatsun ado daga Banis, allurai da madubai daga Nuremba, ruwan takobi daga Solingen, da asake daga Sitiriya ta ƙasar Otirish. Ya nuna cewa asaken masu araha ne, amma mutanen ƙasa sun san yadda suke wasa su har su yi kaifi na gaske. Wato ƙarfen na baƙo ne, gwanintar ta ɗan gida ce.

A can Turai garuruwa uku suka yi suna da aska mai naɗewa: Shefil a Ingila, Solingen a Jamus, da Tiyar a Faransa. Shefil ta yi gaba ne bayan Benjamin Huntsman ya gano yadda ake narka ƙarfe a tukunya ya fito da tsabta, wajen 1740. Irin wannan aska tana iya kai mutum har jikokinsa, amma tana da sharaɗi. Sai an goga ta a fata kafin kowane aski, sai an kai ta dutse lokaci lokaci, kuma hannun da bai saba ba yakan yanka kansa. Shi ya sa yawancin maza, a can da nan, ba su aske kansu, sai su je wurin mai sana'a. A 1762 wani maƙerin wuƙaƙe na Paris mai suna Jean-Jacques Perret ya yi wa aska kariyar itace don kada ta nutse cikin fata, bayan ƴan shekaru kuma ya wallafa littafi a kan yadda mutum zai aske kansa da kansa. A 1880 ƴan uwan nan Kampfe na birnin Niyok suka fito da wata mai kama da ƴar fartanya. Duk da haka bakinta mai kauri ne, sai an cire an wasa.

Mutumin da ya sayar da abin yarwa

Wanda ya juya al'amarin ɗan talla ne mai suna King Camp Gillette, haifaffen 1855. Yana yi wa William Painter aiki, mutumin da ya ƙirƙiro murfin kwalba irin wanda muke ɓallewa mu yar. Ana ba da labarin cewa Painter ne ya ba shi shawara ya nemo abin da za a yi amfani da shi a jefar a dawo a sake saye. A 1895 tunanin ya zo masa: a yi baki siriri kamar takarda, mai kaifi ta gefe biyu, a matse shi cikin mariƙi, in ya dakushe a yar. Masana ƙarfe suka ce ba zai yiwu ba. Sai da ya haɗu da injiniya William Nickerson aka samu injin da ke iya taurara siririn ƙarfe ya wasa shi. Aka kafa kamfanin a 1901. A 1903 sun sayar da gidan reza 51 da reza 168 kacal. A shekarar da ta biyo sun sayar da gidan reza wajen 90,000.

Yaƙin duniya na farko ne ya gama masa talla. Tun daga 1915 aka soma amfani da iskar guba a fagen daga, kuma takunkumin kariya ba ya kama fuskar mai ƙasumba. Da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, sai ta raba wa sojojinta kayan aski. Kamfanin ya ba rundunar gidan reza wajen miliyan uku da rabi da reza fiye da miliyan 30. Samarin suka koma gida da sabon hali na aske kansu kowace safiya. A 1921 wa'adin haƙƙin mallakar Gillette ya ƙare, wasu kamfanoni suka shigo. Albarkacin haka, yau duk rezar da ka saya a tebur, ta Masar ce ko ta Indiya ko ta Rasha, za ta shiga gidan reza ko na wane kamfani ne.

Ta hannun kantunan Turawa da tsofaffin soja da ma'aikatan gwamnati reza ta shigo mana, har ta zama kayan kowane mai tebur. Mun sa ta aikin da mai ita bai yi mafarki ba: yanke akaifa, feƙe fensir, farke ɗinki, har yanke cibiya. Na tuna shekarar 1994, da aka karya darajar sefa a watan Janairu, faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, kayan waje suka yi tsalle. Mahaifina yakan ɗauki rezar da ta dakushe ya jiƙa cikin kofin gilashi, ya riƙa goga ta a jikinsa da yatsa don ta ƙara masa kwana biyu. Gillette ya so a yar, talaka ya ce sai ya wasa.

Yadda baki ɗaya ya zama biyar

Da kowa ya iya yin reza, riba ta ragu. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da reza marar tsatsa wadda ke daɗewa, wato ana saye kaɗan ke nan. Mafitar manyan kamfanoni ita ce su yi kan aski da ba ya shiga mariƙin kowa sai nasu. A 1971 Gillette ya fito da Trac II mai baki biyu. A 1975 Bic na Faransa ya fito da na roba da ake yarwa gaba ɗaya. A 1998 aka yi Mach3 mai baki uku, a 2006 aka yi Fusion mai baki biyar. Injin aski na lantarki kuwa Jacob Schick ya sa shi kasuwa tun 1931, kuma danginsa ne suka cika shagunan askin samarinmu a yau.

Dabarar mai baki da yawa, kamar yadda masu yin sa suka bayyana, ita ce bakin farko ya ɗan jawo gashi waje, na biyu ya yanke shi kafin ya koma. Sai gashin ya koma ƙasa da fata, fuska ta yi sumul. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan daidai ne. Gashinmu kuwa murɗaɗɗe ne. In aka yanke shi ƙasa da fata, da ya soma tsiro sai ya lanƙwashe ya soki naman gefensa, ko ya fito ya juyo ya sake shiga. Jiki ya ɗauke shi baƙon abu, wurin ya kumbura ya yi ƙurji. Likitocin fata sun san wannan ciwo sarai, kuma sun san ya fi kama baƙar fata, har rundunar sojan Amurka ta yi shekaru a baya tana ba masu fama da shi takardar izinin barin ɗan gashi. Abin da ke wuyan abokin aikina ke nan. An ƙera kayan don gashin wasu, mu kuma muka saya da tsada. Baki ɗaya yana yanke gashi daidai fata, kuma sau ɗaya yake bin wurin, maimakon sau uku ko biyar a ja guda.

Inda tsohon yayi ya yi kuskure

Kada a ce ina yabon da ne ido rufe. Aska guda da ke bin kawuna goma a yini tana iya ɗaukar cuta daga wannan ta kai wa wancan. Tun da sida ta bayyana a ƙasarmu a ƙarshen shekarun 1980 aka shiga faɗakarwa a rediyo, kuma ciwon hanta nau'in B ya fi ta saurin yaɗuwa ta jini, domin ƙwayarsa na iya rayuwa a wajen jiki har kwana 7 ko fiye. Goge aska da tsumma ko a tafin hannu ba ya kashe ta. Wanzamai da yawa sun gane, sun koma wa mariƙi mai kama da aska wanda ake karya sabuwar reza biyu a sa rabi a ciki, a buɗe ta a gaban mai aski. Wannan gyara ne mai kyau, kuma haƙƙinka ne ka ce a buɗe sabuwa a gabanka, ko ka tafi da taka. Cire beli da yi wa jarirai tsaga kuwa, likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kansu saboda zubar jini da cutar sanƙarewar jiki. Abin da nake cewa a ɗauka daga wanzami shi ne ruwa da haƙuri da baki ɗaya mai kaifi. Abin da za a bari shi ne aron aska, ko tsakanin wa da ƙane.

Kayan da mai farawa ke bukata

Na farko gidan reza na ƙarfe. Mafi sauƙi shi ne mai gunduwa uku: murfi, faranti da mariƙi mai zare. Nemi wanda gefen farantinsa sanda ce a shafe, domin mai haƙora kamar mataji ya fi cizo. Ana samun masu araha a manyan kasuwanni, kuma kafin ka saya ka tambayi tsofaffin gida, wataƙila akwai wani kwance cikin adaka. In tsoho ne ka wanke shi da sabulu ka tafasa shi.

Na biyu reza. Kowace fata da irin tata, saboda haka ka sayi iri biyu ko uku ka gwada kowace na sati guda. Reza ɗaya takan yi aski uku zuwa biyar gwargwadon kaurin gashi. Da ka ji ta soma ja, kwananta ya ƙare. Tanadi gwangwanin madara ko na tumatir mai ƴar kafa a sama ka riƙa jefa tsofaffi ciki, domin yaranmu suna tsintar su a juji.

Na uku sabulu. Akwai na aski na musamman, na sanda ko na matsawa, kuma ya fi santsi. In babu, sabulun wanka marar kaushi ko sabulun salo mai kyau zai yi, in dai ba ya sa maka zafi. Sabulun wankin tufafi yana busar da fata, a bar shi.

Na huɗu buroshi. Aikinsa ya tada kumfa, ya ɗaga gashi, ya shigar da ruwa gindinsa, wato murzar da wanzami ke yi da tafin hannu. A nan akwai abin lura ga Musulmi: yawancin masu araha na gashin dabba, da gashin alade ake yin su, masu tsada kuma da gashin wata dabbar daji wadda Faransawa suka ba buroshin sunanta. Yanzu akwai na zaren roba masu laushi, sun fi saurin bushewa kuma babu shakka a cikinsu. Wanda bai samu ba ya tada kumfa da hannu.

Na biyar alif, irin wanda mata ke kwantar da ruwan rijiya da shi. A jiƙa shi a shafa bayan aski, yana tsayar da ɗan jini yana kuma matse fata. Inda ya yi maka zafi, nan ka danna hannu fiye da kima, saboda haka malami ne ma. Na ƙarshe ɗan man kaɗe, musamman a lokacin hunturu.

Aska mai naɗewa kuwa, ka bar ta sai hannunka ya faɗa. Tana son fata da dutse, tana tsatsa in an bar ta da laima, kuma in har za ka koye ta, wurin wanzami ya kamata ka je ka zauna.

Yadda ake yi

In fuskarka tana da ƙuraje yanzu, ka ajiye aski sati uku ko huɗu ta warke tukuna, ka riƙa rage gashin da almakashi. In sun yi ruwa ko suna tashi kamar tsiro, je ka ga likita. A cikin wannan hutu ka shafa fuskarka ka gane inda gashin kowane wuri ya kwanta, domin na wuya sau da yawa yakan karkace ko ya nufi sama.

Ranar aski ka yi shi bayan wanka, ko ka jiƙa wurin da ruwa mai ɗumi minti biyu ko uku. Tada kumfa mai ruwa-ruwa, mai sheƙi, ka shafa. Ɗora kan gidan rezar a kumatu, mariƙin na kallon waje, sa'an nan ka sauko da mariƙin a hankali har ka ji baki ya soma kama gashi. Kwanar ke nan, wajen digiri 30. Kada ka danna ko kaɗan, nauyin ƙarfen ya isa. Wannan shi ne babban kuskuren wanda ya saba da na roba, domin na roba ba ya ci sai an danna. Yi gajerun ja, ka bi inda gashi ya kwanta, ka riƙa ɗauraye rezar. Kada ka bi wurin da babu kumfa. Kada ka ja fata ta yi tauri, kuma kada ka hau gashi ta baya, musamman a wuya, domin su ke mayar da gashi ƙarƙashin fata. In kana son ƙari, sake shafa kumfa ka bi sau ɗaya ta gicciye. Ɗauraye da ruwan sanyi, shafa alif, bar shi minti guda, wanke, shafa mai. Kwance gidan rezar ka bar shi ya bushe inda yara ba su kai.

Satin farko za ka ɗan yanke, kuma askin ba zai kai sumul ɗin da ka saba ba. Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, amma a wannan sana'a farkon ne mai wuya. Ka ba hannunka wata guda, kuma kada ka canza reza da sabulu da buroshi a rana ɗaya, don in abu ya ɓaci ka san mai laifi.

Abokin aikina ya bi wannan. Na ara masa buroshi, ya sayi gidan rezarsa, ya bar wuyansa ya huta har ƙarshen watan Mayu. Da muka dawo hutun damina ya shigo ba ƙyalle, tabon ya soma dushewa. Ya ce abin da ya fi ba shi haushi shi ne da ya kai labarin gida, kakansa ya yi dariya ya ce ai ko wanzamin ƙauyensu ba ya ɗora wa mutum aska a bushe. Wanzamin gidanmu ya rasu da daɗewa, ƴaƴansa babu wanda ya ɗauki zabirar, ɗaya yana kabu-kabu, ɗaya yana da shagon aski da injin lantarki. In akwai wanzami tsoho a unguwarku, ku je ku zauna a tabarmarsa da sabuwar rezarku, ku tambaye shi sunayen asakensa da yadda ya koya, ku rubuta. Ni na yi sakaci har namu ya tafi ban tambaye shi ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu lafiya.